Man da Iska ke Sha: Lissafin Ƙananan Motocin Haya a Hanyoyin Kontagora

KONTAGORA: Duk wanda ya zuba jari a ƙaramar motar haya ya san waɗanda ke raba abin da ta samo a yini tun kafin balas ya iso hannunsa: mai gidan mai, da 'yan kamasho, da bakanike, da kuma direba. Sai dai akwai wani mai kaso da ba a cika sa shi cikin lissafi ba, domin ba ya ba da rasit, watau iskar da mota ke kutsawa cikinta. A kan buɗaɗɗiyar hanya, idan ƙaramar mota ta haura kilomita 80 cikin sa'a, wajen rabin ƙarfin da take kashewa domin tafiya yana ƙarewa ne wajen ture iska daga gabanta.

A zamanin da man fetur ke da araha babu wanda wannan ya dama. Idan dai ba a manta ba, har zuwa ƙarshen shekarar 1993 kwabo 70 ake sayar da lita, kafin gwamnatin riƙon ƙwarya ta Cif Ernest Shonekan ta kai ta N5, sannan Janar Sani Abacha ya mai da ita N3.25, ya kuma tsayar da ita a N11 cikin 1994. Ko a farkon 2023 lita ba ta kai N200 ba a gidajen man kamfanin NNPC. Amma tun daga ranar 29 ga Mayun wannan shekarar, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai, al'amari ya sake kama: lita ta koma N537 a Abuja cikin 'yan kwanaki, ta kai N617 a watan Yuli, kana ta tsallake N1,000 a watan Oktoban 2024. Abin da a da ake kira ɗan ƙaramin ɓarna ya zama abin da ke iya cinye ribar mota ɗungurungum.

Garin Kontagora na daga cikin wuraren da wannan lissafi ya fi shafa, domin kuwa mahaɗar dogayen hanyoyi ne. Ta nan babbar hanyar da ta taso daga Legas ta ratsa Ilori da Jebba da Mokwa take wucewa zuwa Yawuri da Jega da Sakkwato. Daga nan kuma wata ta nufi Tegina, inda ta rabu zuwa Minna ta Zungeru, ko zuwa Kaduna ta Birnin Gwari, ga kuma ta Rijau da Zuru. Motar da ke lodi a tashoshin garin ba ta zagayen unguwanni ba ce, doguwar tafiya take yi, kuma a doguwar tafiya ne iska ke karɓar kasonta.

A ƙasashen Turai da Amurka an daɗe da samun masu ƙananan motoci da ke yi wa jikin motarsu kwaskwarima da hannunsu domin rage wannan asara. Abin ya samo ƙarfi ne bayan takunkumin man da ƙasashen Larabawa suka sanya a 1973, wanda ya tilasta wa Amurka ƙayyade gudu a manyan hanyoyinta zuwa mil 55 cikin sa'a, watau kimanin kilomita 89, a farkon 1974. A wannan shekarar ce wata mujallar motoci ta can, Car and Driver, ta ɗauki ƙaramar mota ƙirar Ford Pinto, ta sa mata shinge a ƙarƙashin bamba ta gaba, ta toshe wani sashe na hancinta, ta lulluɓe fitilunta, ta ɗora ɗan ƙarfe a bakin but, ta kuma sauya mata tayoyi. Mujallar ta ba da rahoton cewa nisan da motar ke yi da galan guda ya ƙaru da kimanin kashi 25 cikin 100. Daga baya, cikin shekarun 2000, wani Ba'amurke a jihar South Carolina ya yi suna da wata Honda Civic ƙirar 1992 da ya ƙera wa tsinin hanci da doguwar jela mai siffar bayan jirgin ruwa, ya rufe cikinta da tayoyinta, ya kuma ce tana yi masa mil 95 da galan guda, watau wajen kilomita 40 da lita ɗaya. Wannan ikirarinsa ne, kuma a kan shimfiɗaɗɗiyar kwaltar Amurka ya yi gwajinsa. Tambayar da ta shafi mai karatu ita ce, me ya kamata mai Golf a Kontagora ya ɗauka daga cikin wannan, me kuma ya kamata ya bari?

Kafin amsa, ya kyautu a fahimci ƙa'ida guda. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da ƙaruwar gudu. Idan gudu ya ninka sau biyu, turjiyar ninkawa take yi sau huɗu. Motar da ke tafiyar kilomita 40 cikin sa'a tana fama da rubu'i ne kacal na turjiyar da za ta tarar a kilomita 80, wadda kuwa ta tashi daga 80 ta koma 110 ta kusa ninka nauyin iskar da ke kanta. Saboda haka duk wata kwaskwarima ba ta da wani amfanin a-zo-a-gani ga mai tasi ko mai Keke da ke yawo cikin gari. Maganar ta masu dogon zango ce.

Baya ga gudu, abubuwa biyu ne ke yanke hukunci: faɗin fuskar da mota ke tunkarar iska da ita, da kuma siffar jikinta, wadda injiniyoyi ke aunawa da wani adadi da za a iya kira ma'aunin turjiya. Gwargwadon ƙanƙantar adadin, gwargwadon sauƙin sulalewar mota. Volkswagen Beetle, wadda aka fara haɗawa a Legas a 1975, tana da wajen 0.48. Golf ta farko tana da kimanin 0.42, ta biyu da ta fito a 1983 ta sauko zuwa 0.34, ta ukun kuma, wadda aka fara ƙerawa a 1991 kuma har gobe ake lodinta a tashoshin Arewa, ta ƙara sauka kaɗan. Abin lura a nan shi ne, tsohuwar Golf ɗin da ake rainawa ta baro masana'anta da siffa mai kyau, wadda kamfani ya kashe dukiya mai yawa a ɗakunan gwajin iska kafin ya same ta.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Mu ma muna yi wa motocinmu kwaskwarima da hannu, har ma mun fi Turawa yi, sai dai tamu ta fuskanci wata alƙibla daban. Mai mota yakan kai ta wurin mai walda a ɗora mata kariya a bisa, a ƙara mata sifirin a baya domin ta ɗauki nauyi. A ranar kasuwa kuwa, za ka ga an cika but da buhunan masara ko wake har murfin ya tsaya a sama kamar tuta, an ɗaure shi da igiya, an kuma jibga katifa da jarkoki da babur a kan rufi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana faɗaɗa fuskar motar, yana kuma wargaza iskar da aka tsara ta bi ta kan rufi ta sauka a hankali. Motar da aka saya domin ƙarancin shan manta an mai da ita, ta fuskar iska, kamar akwati.

Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fitar da alƙaluma a kan wannan. Bisa ga lissafinta, babban akwatin kaya a kan rufin mota yana rage nisan da take yi da mai da kashi 2 zuwa 8 cikin 100 a cikin gari, da kashi 6 zuwa 17 a kan babbar hanya, da kuma kashi 10 zuwa 25 idan gudu ya kai kilomita 105 zuwa 120 cikin sa'a. Idan kuwa aka ɗaura irin wannan kaya a bayan mota, inda jikinta ya riga ya kare iska, asarar ba ta wuce kashi 1 zuwa 5 a kan babbar hanya. A tuna cewa akwatin da ake magana a kansa mai sumul ne, ba tulin buhuna da leda na kaɗawa ba.

Bari mu mai da wannan zuwa naira, da misali kawai. Mu ƙaddara mota tana shan lita 8 a kowace kilomita 100, tana tafiyar kilomita 200 zuwa, 200 dawowa, lita kuma N1,000 domin sauƙin lissafi. Man zuwa lita 16 ke nan, na yini kuwa lita 32, watau N32,000. Idan kayan rufi suka ƙara mata shan mai da kashi 15 cikin 100, tafiya guda ta ci ƙarin lita 2.4, watau N2,400. Wannan shi ne ainihin farashin ɗora kaya a bisa, ban da abin da nauyi ke yi wa taya da sifirin. Ba za a ce wa ɗan kasuwa ya daina ɗaukar kaya ba, domin idan ladan da aka biya ya kai N6,000, to ɗaukar ta biya kanta har da riba. Amma direban da ya amince da N1,500 domin wata katifa mai faɗi da ba ta da nauyi, yana ganin ai banza ta faɗi, shi ne ya biya wa mai katifar cikon kuɗin mota daga aljihunsa bai sani ba. A tasha da nauyi ake yi wa kaya kuɗi, alhali a kan rufi girma ne ke cin mai.

Har ila yau akwai kariyar da ke dawowa babu komai a kanta. Ita ma tana tsefe iska, kuma a wannan zango babu wanda ya biya lada. Kariyar da aka ɗaura da noti, wadda za a iya kwancewa a ranakun da babu lodin kaya, ta fi wadda aka liƙe da walda har abada. Idan kuma ɗaukar ta zama dole, a jera kayan a kwance ba a tsaye ba, gajeru a gaba, a ja su baya daga saman gilashi, a lulluɓe da tamfol a ɗaure tamau yadda ba zai yi ta filfilwa ba. Duk wannan bai ci ko kwabo ba.

Dalilin da ya sa ba a cika yin haka ba, a ganina, yana cikin tsarin yarjejeniyar mai mota da direba. Inda direba ne ke sayen mai daga cinikin yini ya kawo tsayayyen balas, shi ke cin amfanin duk litar da aka tsimin, amma ba shi da ikon taɓa jikin motar da ba tasa ba, mai motar kuma bai ga dalilin kashe kuɗi a kan gyaran da ribarsa za ta tafi aljihun wani ba. Inda kuwa mai mota ne ke zuba mai, direba ba ya jin zafin taka totur. Duk mai motocin haya da ke son cin gajiyar abin da ake bayani a nan, sai ya fara gyara wannan yarjejeniya, alal misali ta hanyar raba rarar man da aka samu tsakaninsa da direba, kafin ya nemi mai gyaran bodi.

Bayan cire abin da muka ƙara, sai mayar da abin da muka cire. Motoci da dama kan iso daga Kwatano ko Legas da faifan roba a ƙarƙashin inji, wanda ke kare shi daga ƙura, yake kuma daidaita iskar da ke bi ta cikin mota. Da zarar ya yage a rami, ko ya tare wa bakanike hanya a lokacin juyen baƙin mai, sai a jefar da shi. Haka ma robar da ke cikin mazaunin taya, da bambar da ta saki aka ɗaure da waya tana reto. Ƙarƙashin mota na daga cikin wuraren da iska ta fi hargitsewa, saboda salansa da ƙafafu da sauran ƙarafa da ke tsaitsaye a wurin. A nan ne masu gyaran bodi da masu walda na garin za su iya samun sabon ciniki: su yanka faifan aluminiyam ko roba mai kauri, su rufe daga bamba zuwa bayan inji, da ƙusoshin da ake kwancewa, su bar ƙofar juyen mai, su kuma nisanta shi daga salansa domin gudun gobara. Aiki ne na rabin yini ga wanda ya saba ƙera ƙofa da tankin ruwa.

Wani abin da ake cirewa, ko da yake ba na iska ba ne, ya cancanci ambato domin yakan shafe duk ribar da aka samu. Al'ada ce a garejojin ƙasar nan a cire ɗan makullin da ke daidaita zafin ruwan inji, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayar da mota har kashe ta, wai domin ƙasarmu da zafi. Injin da bai kai zafin da aka tsara masa ba yana ƙara shan mai, musamman da asubahin hunturu, fankar da ba ta hutawa kuma daga man take cin abincinta.

Sai kuma abubuwan da bai kamata a kwaikwaya ba, kuma suna da yawa. Toshe hancin mota na daga cikin dabarun da Turawa suka fi yabawa, domin iskar da ke shiga lagireto tana jawo turjiya. Amma wanda ya gwada haka a Kontagora cikin watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40, da mota cike da fasinja da kaya, to yana cacar inji ne domin ribar lita guda. Sauke mota ƙasa-ƙasa ko sa mata dogon shinge a gaba ba zai kai ta ko'ina ba a hanyar da ramuka da tudun rage gudu suka yi wa yawa. Rufe tayoyin baya, kamar yadda kamfanin Honda ya yi wa motarsa Insight a 1999, zai zama ma'ajiyar taɓo da damina. Cire madubin gefe kuwa sayar da rai ne, ga kuma jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra da na VIO a hanya. Shi kuma dogon fiffiken ado da samari ke ɗorawa a bayan mota, wanda aka aro daga motocin tsere, aikinsa danne mota ƙasa ne a gudun da ba a yi a hanyoyinmu, kuma galibi ƙara shan mai yake yi.

Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne, bayan mota ya fi gabanta muhimmanci. Idan iska ta rabu da jikin mota farat ɗaya, takan bar wani gurbi a baya mai janyo motar kamar ana riƙe da rigarta. Wannan ne ya sa mai Civic ɗin nan ya ƙera doguwar jela. Tun cikin shekarun 1930 wani injiniya a Jamus, Wunibald Kamm, ya nuna cewa ba sai jelar ta kai tsini ba: idan rufi ya gangara a hankali, aka datse shi tsaf a tsakiya, ana samun mafi yawan amfanin. Motar haya dai ba za ta yi jela ba, domin nan ne ƙofar lodinta, nan ne fitilunta da lambarta. Amma darasin ya nuna tsadar tafiya da but a buɗe, tun da murfin da ya miƙe sama yana faɗaɗa wannan gurbi ne a daidai inda kamfani ya yi ƙoƙarin tsuke shi.

Kada kuma a ɗora wa gyaran bodi burin da ya fi ƙarfinsa. Tun da iska wajen rabin nauyin tafiya ce, rage ta da kashi 10 cikin 100 ba zai rage shan mai da fiye da kimanin kashi 5 ba. A misalinmu na baya, wannan lita 1.6 ce a yini, watau N1,600, ko N40,000 a kwanakin aiki 25. Ba kuɗin rainawa ba ne, kuma zai iya mayar da kuɗin faifan cikin ɗan lokaci. Amma ƙafar direba ta fi guduma tasiri. Wanda ya sauko daga kilomita 110 zuwa 90 ya rage turjiyar iska da sulusi ba tare da ya sayi komai ba, abin da ya yi asara kuwa minti 24 ne a tafiyar kilomita 200. Dokar hanya ta ƙasa ma ta ƙayyade wa motocin haya kilomita 80 a babbar hanya da 90 a tagwayen hanyoyi. Gaskiya ne cewa akwai dazuzzukan da direba ke taka mota ba domin gaggawa ba sai domin tsoron 'yan bindiga, musamman ta ɓangaren Tegina da Birnin Gwari, kuma babu mai hankalin da zai yi masa wa'azin tsimin mai a irin wannan wuri. Akwai kuma zangon da lalacewar kwalta ba ta barin mota ta kai gudun da iska za ta dame ta. Maganar ta sauran hanyar ce.

Wasu direbobi kan sa mota a firi ko su kashe inji a gangara. Kashe inji na iya ɗauke ƙarfin birki a daidai lokacin da ake bukatarsa, motoci masu injekta da yawa kuwa da kansu suke yanke mai idan aka ɗaga ƙafa daga totur mota na cikin giya. Ziyarar mai faci ta fi wannan amfani, domin ma'aikatar nan ta Amurka ta ƙiyasta cewa daidaita iskar taya na iya ceto har kashi 3 cikin 100, muddin gejinsa na faɗin gaskiya.

Saura batun awo, wanda in babu shi duk abin da aka faɗa hira ce. Allurar tanki ba ma'auni ba ce, sayen man N10,000 yau da na N7,000 gobe kuma ba ya barin a san komai. Hanyar da ta dace ita ce a cika tanki har baki a famfo guda na gidan mai guda, a rubuta lambar mitar kilomita, a yi aiki, a dawo a sake cikawa, sannan a raba kilomitocin da litocin da suka shiga. A yi haka sau biyar ko shida kafin gyara, a maimaita bayansa, a kuma taɓa abu guda kawai a lokaci guda. Mai son ganin iskar da idonsa sai ya yanka zaren ulu gajeru-gajeru ya manna a rufi da gilashin baya, wani ya bi shi a wata motar yana ɗauka da waya: inda zaren ya kwanta, iska na bin jiki, inda yake rawa ko ya juya gaba, nan mai ke zuba. Wannan gwaji ne da reshen ƙungiyar direbobi ta NURTW zai iya yi da mota biyu cikin mako guda, musamman in ya nemi hannun malaman Kwalejin Fasaha ta Gwamnati da ke garin ko ɗaliban injiniya na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna. Sai dai a riƙa haɗa zuwa da dawowa cikin lissafi ɗaya, domin da hunturu iskar arewa maso gabas na tunkarar motar da ta nufi Sakkwato ko Zuru, tana kuma tura wadda ta nufi Mokwa, kuma bambancin da take kawowa na iya fin na faifan da ake son gwadawa.